Lamba Biyar Da Na Ba Mai Tabarau

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Ya gajiyar aiki? Babanki yana nan yadda kika bar shi, hannun dama da ƙafar ba su motsa ba, amma yana cin abinci, mun gode Allah.

Na zaɓi takarda ne domin duk sanda na kira ki sai ki ce kina cikin taro. Takarda ba ta katse mutum.

Kwas ɗin kula da majinyaci a gida da kika sa ni a cibiyarku ya ƙare ranar Asabar. Sati shida ina jingina waya da kwalbar magani a kan teburin gefen gadon babanki, ina rubuta duk abin da malamin nan mai tabarau ya faɗa. Ban taɓa makara ba. Amma akwai abin da na ɓoye miki, yau zan faɗa.

A sati na huɗu na ga fatar ƙugun babanki ta yi ja. Kin san nauyinsa, kin kuma san bayana. Na danna alamar ɗaga hannu, na tambaya yaya mace ɗaya za ta juya namiji mai nauyi ba tare da ta ja masa fata ba. Ya ce za mu zo wurin. Ba mu zo ba. Na sake tambaya. Sai ya juya ga wani da ke gefensa, ya manta makirufonsa a buɗe yake, ya ce, "Tsohuwar nan kuma! Ita da tsohon nata duk sai an juya su." Mutum ashirin da uku suka ji. Wasu suka yi dariya. Ya rufe mini murya har aka tashi.

Auta, babanki yana kwance taku biyu daga wayar. Bakinsa ne ya karkace, kunnensa lafiya lau. Ya juya fuskarsa bango, ranar ko ruwa da ƙyar ya karɓa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyara injin mutane ba wanda ya taɓa ɗaga masa murya.

Ban kai ƙara a lokacin ba, domin kin gaya mini ke ce mai tattara ra'ayin ɗalibai, kuma kowane fom yana zuwa gaban shugabarku. Na jira ranata. Tun kafin fom ɗin ya zo na rubuta jawabina a takarda, shafi uku, da ya zo na kwafe shi cikin akwatin sharhi da yatsa ɗaya. Na fara da gaisuwa da godiya kamar yadda tarbiyya ta tanada, domin rashin kunyarsa ba zai sa ni zama irinsa ba. Bayan nan na zayyana komai. Inda aka ce a zaɓi lamba daga ɗaya zuwa biyar, na ba shi biyar, na ƙarshe a aji. Da akwai goma da ita zan ba shi.

Yanzu ina jira in ji an kira shi ofis. Ki sanar da ni yadda fuskarsa ta yi.

Ki gaida maigidan da yara. Ki rage ba su abin zaƙi.

Mahaifiyarki.

*

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Mu nan da sauƙi, ba zan ce lafiya ba.

Matar direba, wadda muke aji ɗaya tana jinyar surukarta, ta turo mini hoton tallar cibiyarku jiya da safe. Ga mai tabarau ya harɗe hannu yana murmushi, ga maganata a ƙarƙashinsa da manyan baƙaƙe: "Ina miƙa gaisuwa da godiya ga shugabannin wannan cibiya da malaminmu, Allah ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuka yi da mu tsawon sati shida." Aka sa taurari biyar, aka rubuta wai daga wata uwa mai jinyar mijinta. Matar direba ta tambaye ni, "Mama, ashe kun shirya?" Sai da na zauna a bakin gado na sake karanta tallar.

Na ji bayanin da kika yi mini a waya. Wai a wajenku biyar ce babba. Ni makarantar da na yi, na ɗaya shi ake tafa wa, na biyar ya koma gida ya yi bayani. Me ya hana ki rubuta a jikin fom ɗin wace ce babba? Wai kuma akwatin sharhi yana ajiye harafi ɗari da hamsin ne kawai, saura ya zubar ba tare da ya gaya wa mutum ba. To wane ɗan mutunci ne yake gama gaisuwa cikin harafi ɗari da hamsin? Kin yi akwatin da mai ladabi kaɗai yake cuta. Marar kunyar da zai fara da zagi, nasa ya shiga.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne roƙon da kika yi, wai in bar maganar, domin ke kika tsara fom ɗin, ke kika zaɓi sharhin da aka sa a talla ba ki san nawa ba ne, kuma in shugaba ta gano, kujerarki za ta girgiza. Ban haife ki don ki riƙe kujera da ƙarya ba. Kuma da bakinki kika ce saboda wannan sakamakon za a ba shi sabon aji na mutum sittin.

Ki ji abin da shirunsa ya jawo. Jan nan na ƙugun babanki ya buɗe. Nas ta zo ranar Talata ta wanke, ta nuna mini yadda ake shimfiɗa zane a ƙarƙashinsa a ja zanen maimakon mutum, a tokare da filo. Minti biyar ta yi. Minti biyar, Auta. Duk sanda na canza masa bandeji yana cije leɓe, fuskar mai tabarau nake gani.

Ban zauna ba. Na bi lambobin 'yan ajinmu ɗaya bayan ɗaya, na samu mutum goma sha tara. Ashe kowa da nasa. Tela, mai jinyar ɗan'uwansa, ya ce shi ma an rufe masa murya sau biyu. Kuma dukansu sun tuna mini abin da ban ɗauka komai ba a lokacin: ranar ƙarshe ya tura fom ɗin yana zaune a kan allo yana kallonmu, ya ce sai kowa ya cika zai saki takardar shaida. Wa zai faɗi gaskiya alhali takardarsa tana hannun mutum? Goma sha huɗu sun yarda su maimaita a gaban kowa.

Ga shafuka ukun nan na asali na haɗo miki cikin ambulan. Ki kai wa shugabarki da hannunki, ki faɗi kuskurenki da bakinki, kafin ranar Alhamis. In Alhamis ta wuce, zan nemi mai zama da babanki, in sa mayafina in zo ofishin da ƙafata, kuma kin san ba na magana a hankali in raina ya ɓaci. Ba na neman a daki kowa. Ina so a cire maganata daga ƙarƙashin hotonsa, a hana shi ajin nan, ya kuma ɗanɗana abin da ya ɗanɗana mini.

Ina yi miki addu'a duk da haka.

Mahaifiyarki.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida maigidanki da ya yi haƙuri da fuskar da kike kai masa gida kwanakin nan. Ya jikokina? Ciwon babanki ya fara kamewa daga gefe, nas ta ce sati uku in Allah ya so.

Kin kai takardar ranar Laraba, kwana ɗaya kafin wa'adi. Na lura, kuma na ji daɗi. Na san an ba ki takardar gargaɗi. Ki ajiye ta inda za ki riƙa ganinta, ta fi miki takardar yabo da aka samu da maganar da aka yanke.

Kina wurin zaman sauraron ɗalibai da shugabarku ta kira, amma kina can kina danne-danne, ba ki ga abin da na gani daga nan ba. Tun da safe na yi wa babanki aski, na sa masa farar rigarsa, na tayar da shi da filo uku, na gyara waya yadda kowa zai gan mu tare. Da mai tabarau ya fito a allo ya ga wanda ya kira tsoho yana kallonsa ido cikin ido, sai ya shiga gyara wuyan riga.

Da shugaba ta ba ni dama, kin ji sharaɗina: a rufe masa murya har in gama. Ta ce miki ki rufe. Ke kika danna, da yatsan da na haifa. Na karanta shafi uku ban tsallake layi ba, sai gaisuwar farko, na ce wannan sun riga sun same ta a talla. Da na zo kan maganar da ya yi, na faɗe ta yadda ya faɗa, da irin muryarsa. Ya yi ta buɗe baki yana ɗaga hannu, yana nuna kunnensa, ba abin da ke fita. A nan ne na ji gado yana motsi. Na juya, ashe babanki ne yake dariya da rabin bakinsa, har da hawaye. Wata tara rabon da in ji wannan sautin a ɗakin nan.

Sauran kin sani. Shugaba ta sa aka buɗe masa murya, ta ce ya amsa tambayata ta juya majinyaci yanzu. Ya fara neman shafi a kwamfuta, sai matar direba ta ce, "Malam, bar allo, ga surukata nan a kwance, faɗa mini inda zan kama." Ya yi ta kame-kame. Tela ya ce a bar bawan Allah haka, da alama bai taɓa juya ko katifa ba. An sauke tallar kafin la'asar, ajin mutum sittin kuma na ji an ba wata nas. Madalla.

Na ga sabon fom ɗin da kika tsara. Kin rubuta wace lamba ce babba, kin faɗaɗa akwatin, kin ce sai bayan an karɓi takardar shaida za a tura shi, kuma ba malami ne zai tura ba. Na cika na zaman jiya. Na ba ki huɗu. Ɗayar na riƙe ta saboda roƙon da kika yi mini a waya.

Da safiyar nan mai tabarau ya turo mini saƙo mai tsawon gaske, matar direba ta ce ban haƙuri ne, ita ma ya tura mata. Na buɗe. Ya fara da gaisuwa, yana tambayar jikin Baba, yana yi mana fatan alheri. Na ƙirga harafi ɗari da hamsin, na tsaya a nan, na goge saura. Na amsa masa cewa mun ga gaisuwa, mun gode.

Ki zo ranar Lahadi da yaran, babanki yana nuna hotonsu da hannun hagu. Ki zo da wuri, zan koya miki jan zanen nan, domin bayana ba zai yi ta yi ni kaɗai ba.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki.