Mai Shari'a Ta Zo Taronmu, Mu Ne Ba Mu Buɗe Mata Ƙofa Ba

Cikin alhini, da kuma kunyar da ba za mu iya ɓoyewa ba, Ƙungiyar Lauyoyi ta wannan reshe ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, Mai Girma Mai Shari'a ta Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya mai ritaya, wadda Allah Ya yi wa cikawa a gidanta, a gaban maigidanta da 'ya'yanta, bayan ciwon zuciyar da ta daɗe tana fama da shi. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Marigayiya ta fara aiki ne a ƙaramar kotun majistare, a ɗakin da idan aka yi ruwa sai an janye teburin alƙali daga inda rufi ke yoyo. Daga nan ta hau Babbar Kotu, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara, inda ta zauna har ta ajiye aiki. Lauyoyi sun laƙaba mata suna "Shafi Nawa", domin duk wanda ya miƙe gabanta yana zuba zance, sai ta sauke tabarau ta ce, "Barista, a shafi na nawa ka ga haka?" Manyanmu da yawa sun yi gumi a ƙarƙashin wannan tambaya, sun kuma fita sun fi yadda suka shiga.

Ba za mu manta da ƙarar wani direba ba, wanda aka yanke wa hukuncin kisa bisa iƙirarin da ya ce da duka aka karɓa daga bakinsa. Alƙalai biyu da suka saurari ƙarar tare da ita suka tabbatar da hukuncin, ita kaɗai ta saɓa musu, ta rubuta cewa kotun farko ba ta taɓa ba shi damar faɗin yadda aka yi ba. Ta sha suka a lokacin, har aka ce tausayin mata ne ya rinjaye ta. Daga baya Kotun Ƙoli ta bi ra'ayinta. Mutumin nan, da furfurarsa, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararta.

Wajibi ne kuma mu faɗi abin da ya faru a watan jiya. Ƙungiya ta shirya taron karrama ta a zaurenmu. Ba mu aika mata katin shiga ba, don mun ɗauka za ta iso da rakiya da jiniya kamar sauran manyan baƙi. Sai ta zo a ƙaramar motar maigidanta, da mayafinta na kullum, ya sauke ta a bakin ƙofa ya tafi neman inda zai ajiye mota. Matasan lauyoyin da muka sa tsaron ƙofa ba su taɓa ganin fuskarta ba, domin ta bar aiki kafin su fara. Ta ce musu an gayyace ta. Suka ce, "Mama, kowa haka yake cewa, ki ɗan zauna a nan," suka nuna mata benci a baranda, kusa da inda aka jera kwalayen ruwa.

A ciki kuwa muna ta duba agogo, kujerarta babu kowa. Babu wanda ya tashi ya leƙa waje. Da jira ya yi tsawo, Shugaban Ƙungiya ya karɓi makirufo ya ce ga alama manyan sama sun fi ƙarfin taron ƙananan lauyoyi. Zaure ya yi dariya, har da mai sa hannu a wannan takarda. Akwai lasifika a barandar. Ta ji komai. Da maigidanta ya dawo ya so ya yi magana, ta riƙe hannun rigarsa, suka koma gida.

Ba mu san wannan ba sai da muka je gaisuwa. Maigidanta, dattijo tsohon malamin makaranta, shi ya ba mu labari a tsakar gida, bai ɗaga murya ba. Ya ce a mota ta hana a tsawata wa matasan, ta ce aikin da aka sa su suka yi. Sai da suka kusa gida ta ƙara da cewa, "Amma ka ga manyan, sun yanke mini hukunci ba su saurare ni ba."

Iyalan sun tabbatar mana cewa rasuwarta ba ta da alaƙa da wannan rana, mun kuma gode da karamcinsu, amma hakan bai rage mana nauyi ba. A bainar jama'a aka yi maganar nan, saboda haka a bainar jama'a muke janye ta. Mai Shari'a ba ta raina mu ba. Ta amsa gayyatarmu, ta zo a kan lokaci. Shugaban Ƙungiya ya ajiye muƙaminsa da kansa, kuma ba za a ɗora wa matasan nan laifin da namu ne ba.

Muna miƙa ta'aziyya ga Baba maigidanta, da 'ya'yanta da jikokinta, da Masu Girma abokan aikinta na Kotun Ɗaukaka Ƙara. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya haskaka makwancinta, Ya sa adalcin da ta yi wa bayinsa ya bi ta, Ya ba iyalanta haƙuri da juriya.

Kafin mu tashi daga gidan mun roƙi Baba gafara. Ya ce, "Ita ta yafe muku tun a ranar. Ni dai ku ba ni lokaci." Mun karɓi wannan amsa, kuma ba za mu gaggauta shi ba.

Sa hannu:
Sakataren Yaɗa Labarai kuma Kakakin Ƙungiya,
a madadin Majalisar Zartarwa da ɗaukacin mambobi.