Karamcin ubansa na neman hana ɗalibina karatu

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin a taimaka a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi raina a ɓace yake, kuma na rasa ma da wa zan yi fushin.

Ni malami ne, ina koyar da lissafi a wata sakandare ta wajen Bungudu, amma a Gusau nake zaune, kullum a mashin nake zuwa in dawo. Akwai wani ɗalibina Bello, ɗan Fulani, tun da na fara riƙe alli ban ga kai irin nasa ba. Asalinsu mutanen dajin Tsafe ne, ɓarayi suka kore musu shanu kaf, sai ubansa Malam Ja'e ya kwaso iyali ya dawo kusa da Karakkai. Shanun da yake kiwo yanzu na wani Alhaji ne mai sayar da hatsi a kasuwar Gusau, kiwon haya yake yi, sai ɗan geron da yake nomawa a gonar aro. Ni ma ba daga bakinsu na ji ba, wani mahauci ne ya tsegunta mini.

Yaron nan na yi ta yi masa lesin kyauta har ya ci jarabawar shiga jami'a, aka ba shi gurbin karatun likitan dabbobi. To sai maganar wa zai ɗauki nauyi. Na samo wata gidauniya a nan Gusau da ke tallafa wa 'ya'yan marasa ƙarfi, na yi ta zarya ofishinsu har mai gadi ya gane ƙarar mashina. Bello ya wuce intabiyu lafiya lau, abin da ya rage kawai kwamiti su je gida su ga halin da ake ciki da idonsu. Na je na shaida wa Malam Ja'e cewa baƙi za su zo daga birni saboda karatun yaron, ya ce Allah ya kawo su lafiya.

Jama'a, ku ji abin da muka tarar da muka isa rugar nan. Bawan Allah nan ya aro darduma da kujerun roba daga cikin gari, ya sha babbar riga, ragon da shi kaɗai ne nasa na kansa a duniya ya sa an yanka. Ga fura da nono ƙwarya ƙwarya. Shanun Alhaji kuwa ranar ko kiwo ba a kai su nesa ba, suna nan gefenmu suna tuƙa abinsu. Hajiyar da ke shugabantar kwamitin ta tambaye shi shanun wa ne, ya ce arzikin Allah ne. Ta ce ko akwai abin da ya fi ƙarfinsu a gidan, ya ce alhamdulillahi, Allah bai hana su komai ba. Ta nuna Bello ta ce ɗanka ne, da yake ɗan fari ne sai ya kau da kai ya ce yaron gidan nan ne. Ni ina gefe ina ta tari ina ƙifta ido kamar wanda hayaƙi ya turnuƙe, ko kallona bai yi ba. Da za su tafi har zabbi da kwalbar man shanu ya sa aka saka musu a but ɗin mota.

Bayan kwana biyu Hajiya ta kira ni ta ce in yi haƙuri, suna da marayu a layi, ba za su ɗauki ɗan mai garke ba. Na yi mata bayani tun daga farko, ta ce ba ta ƙaryata ni ba, amma kowane malami haka yake faɗa a kan ɗalibinsa. Hanya ɗaya ce, uban ya zo ofis da kansa ya faɗi halin da yake ciki, su ɗauka a bidiyo kamar yadda suke yi wa kowa, don masu ba da tallafin suna son gani, kuma a shafinsu ake sakawa. Gaskiya ban ga laifinta ba, abin da ta gani ta gani, naman ma da ita aka ci.

Na koma wajen Malam Ja'e a fusace, na ce masa karamcinsa ya ja wa yaro asara, na faɗa masa abin da ake so ya yi. Sai ya ce, "Malam, baƙi sun taho gidana, so kake in tarbe su da kuka? Dangina na Tsahe har yau ba su san kiwon haya nika yi ba. In zamna gaban waya in ce ni Ja'e ko maraƙi ban da? Wanga abu ban iya shi." Na kawo wa'azi, na kawo lallashi, har na ɗaga murya ga mutumin da a haife ya haife ni, shi dai sai godiya yake mini.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne Bello. Ya biyo ni har bakin hanya ya ce, "Malam a bar maganar nan, ba na son a ga Baba haka." Yaron da na san yadda yake son karatun nan kamar ransa.

Wani abokin aikina ya ce in je hira in ɗauki muryar tsohon a ɓoye, ni kuwa na ga wannan cin amana ne. Matata ta ce ba ni na haifi yaron ba, in sa wa zuciyata ruwan sanyi. Abin da ya rage mini shi ne in je in roƙi Alhaji mai shanun ya je gaban kwamiti ya ce nasa ne. Amma maganar da ta shiga kasuwar Gusau, kafin la'asar direbobi sun sauke ta a Tsafe, kuma Malam Ja'e zai san ni ne. Hajiya ma ba ta yi mini alkawarin hakan zai wadatar ba. Ga shi ƙarshen watan nan jami'a za ta rufe rajista.

Jiya da zan dawo gida na hango Bello da sanda a kafaɗa yana bin shanun nan. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya tambayi iyali, bai ce mini komai a kan makaranta ba, kuma wannan ne karo na farko da muka haɗu bai tambaya ba.

Don Allah masu hankalin gidan nan, musamman 'yan uwa Fulani da suka san irin wannan kunya, ku faɗa mini gaskiya. In je wajen Alhaji in tona wa dattijon nan asirin da ya yanka ragonsa don ya rufe, ko in yi shiru ina kallo wata ya ƙare?