Hannun da Na Rufe Miki

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Adiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan kina cikin rahama a inda kike. Ni ce Ramatu. Kin san ban iya magana a gaban mutane ba, shi ya sa na yago takarda daga tsohon littafina na aji shida.

Mma, ashe ba kwalara ce ta ɗauke ki ba. Wata bakwai ke nan duk unguwarmu ta Nima ana cewa ita ce, don a lokacin duk wanda ya rasu a asibiti haka ake cewa. Ni ma na yi ta ƙoƙarin yarda, sai shekaranjiya.

Kin tuna ranar da cikinki ya murɗa a kasuwar Agbogbloshie, kina tsakar cinikin albasa. Aka kai ki asibiti, aka yi miki aiki, kuma aikin ya yi kyau. Suka kwantar da ke a ɗakin nan mai ƙofar gilashi, na masu ciwo mai tsanani, gado huɗu kacal. Nas biyu ba sa barin wurin. Kafin su taɓa ki sai sun wanke hannu a wani kwano mai ruwan magani. Ni ma sai na wanke nawa kafin a bar ni in shigo miki da koko. Kika ce, "Waɗannan ai sun fi liman alwala."

Sai kwalara ta shigo gari. Cikin 'yan kwanaki asibitin ya koma kamar tashar mota, mutane kwance a baranda, wasu a tabarma, wasu a kwali. Aka kwashe ma'aikata zuwa wurinsu, aka bar muku Sista Akosuwa ita kaɗai. Aka ƙaro gadaje a ɗakinku har sai an karkace ake wucewa. Ruwan kwanon nan yakan yini ba a canza ba. Daga baya kwanon ma na daina ganin sa.

Allurar ƙarin ruwa tana bayan hannunki na hagu. Na ga wurin ya yi ja, ya ɗauki zafi. Washegari ya kumbura. Ranar ce dangin Baba za su zo dubiya daga Mamobi. Kika ce, "Rufe min hannun nan, kada surukai su gan ni kamar kazar da aka fige." Na rufe da mayafinki. Kullum na zo sai in gyara shi, in cusa bakinsa ƙarƙashin katifa don kada ya zame. Sista takan leƙo daga ƙofa, ta ga ruwa yana ɗiga, ta ruga baranda. Sau biyu na buɗe baki zan kira ta. Na ga yadda take gudu, kunya ta kama ni, na ce ai sun san aikinsu.

Zazzaɓi ya rufe ki ran Talata. Ran Juma'a kafin a sauko daga masallaci kin tafi.

Shekaranjiya ina rumfarki, wata mata ta tsaya zaɓen albasa. Ba farin kaya a jikinta, amma na gane Sista ce, ita ma ta gane ni. Ta zauna a bencinki ta yi min bayani a hankali. Ta ce babu wanda kwalara ta kama a ɗakinku. Ta ce ba a barin allurar nan ta daɗe a jijiya, cirewa ake yi a sa sabuwa a wani wuri, amma a makon nan duk sababbin sun tafi baranda. Ta nan cuta ta bi ta shiga jininki. Kuma ba ke kaɗai ba ce. Tsohuwar da ke kusa da taga, da matar nan da wuta ta ƙona, duk sun fara samun sauƙi, zazzaɓi iri ɗaya ya ɗauke su. Kafin kwalara, in ji ta, sai su yi wata da watanni ba su ga irin haka ba.

Wurin da muka kai ki neman lafiya, a nan ciwon yake jiran ki? Na tambaye ta, da ta ga hannun da wuri fa? Ta daɗe tana juya albasa a tafinta, sannan ta ce Allah ne masani. Ban yi mata zancen mayafi ba.

Jiya na kasa riƙewa. Baba yana shago bayan la'asar, a kan keken ɗinkinsa. Na durƙusa na faɗa masa komai, kaina a ƙasa, ina jiran duk abin da zai yi min. Ya tsayar da keken. Sai ya ce, "Ramatu, ranar da na yi mata tofi na ɗaga mayafin. Na ga hannun. Na mayar na rufe." Ya ce shi ma ya ɗauka likitoci sun gani, kuma wane ne tela da zai koya musu aiki.

Ko ranar jana'izarki ban ga hawayen Baba ba, amma jiya na gan su. Na zauna kusa da shi a kan tarin yadi har aka kira magariba.

Na ɗauka don kaina kaɗai zan roƙe ki. Ki yafe mana, Mma, mu biyu.

Allah ya jiƙan ki, ya sanyaya makwancinki, tare da waɗanda kuka kwanta ɗaki ɗaya. Allah ya sassauta wa zuciyar Baba. Amin.

'Yarki,
Ramatu