Inna ta karɓi sirinjin Fa'izu

Zuwa ga Yaya Halima Sadiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam Bashir da yara. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri a can Fatakwal. Mu nan Shahuci muna lafiya. Baffa ya daina kukan gwiwa, Safiya kuma ta haihu, an samu mace.

Yaya, ki yi haƙuri da rubutuna, kin san da girma na koya. Na rubuto ne don a waya kullum akwai mutane kusa, in kin tambayi mai jiki sai in ce da sauƙi. Shi yaron nan Fa'izu yana nan yadda kika bar shi, da robar abinci a hanci, jijjigar ma ta ragu. Ni ce ban da lafiya. Tun ranar da ya shiɗe a hannuna, ko tari ya yi sai ƙirjina ya hau bugawa. Barci ya ƙaurace mini, abinci ba ya shiga, biki da suna duk na daina zuwa. Ban gaya wa kowa ba. Kin san tarbiyyar gidanmu, ɗan fari ne, ko sunansa ban saba kira ba, balle in tsaya gaban surukata Inna ina nuna damuwa a kansa.

Watan jiya na kai shi asibiti, muna kan layi jiri ya kwashe ni na faɗi. Wata nas, Malama Fanna, ta zaunar da ni ta tambayi wa ke karɓata in na gaji. Sai na fashe da kuka. Likita ya ce tsoro ne da gajiya suka taru a zuciyata, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma yana warkewa. Ya ce lallai a samu mutum na biyu da ya iya ba shi abinci, in ba haka ba ranar da na kwanta yaron zai rasa mai kula da shi.

Na kasa tunkarar Inna, sai babansa ya kai mata maganar. Ashe ita ma kara take yi mini! Ta ce ta daɗe tana son karɓarsa, amma da ta ga ba na sakinsa, ta ɗauka ban yarda da hannunta ba ne. Ni kuma ina ganin in na roƙe ta za a ce na gaji da ɗana. Ta yi mini faɗa sosai, ta ce kunyar ɗan fari ta mai lafiya ce. Ta bi mu asibiti da tabaronta, aka koya mata yadda ake tace kunu, a ɗaga kansa, a tura da sirinji a hankali.

Ranar sunan 'yar Safiya na tafi Goron Dutse na bar shi. Gaskiya ban jira an raba abinci ba, zuciyata ta ƙi zama, na hau adaidaita na dawo. Tun daga zaure na jiyo Inna tana tsokanarsa, wai mijin nan nata ya cika ci amma bai taɓa kawo cefane ba. Shi kuwa yana ta wannan dariyar tasa marar sauti. Ban karɓe shi ba, Yaya. Na wuce ɗaki na kwanta da mayafina, sai kiran la'asar ne ya tashe ni.

Har yanzu tsoron yana zuwa, amma ina komawa wurin likita, kuma muna zama da sauran iyaye mata ranar asibiti. Ki sa mu a addu'a. Ki gaida Malam, da Yusra, da Muttaka. Inna ta ce in kin zo da sallah, ke ma sai ta koya miki.

Taki ƙanwa,
Mardiya