Wuƙar Baduku a Hannun Kaka

Krakow, 4 ga Maris

Kakata Genowefa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar nan ta sassauta miki. Na rubuto ne tunda kin ce waya ta masu kunne ce.

Ina da albishir, ina kuma da laifi. Da na zo Kirsimeti na ga wata farar takarda a ƙasan akwatinki, mai barewa biyu da itace mai rassa bakwai. Na ɗauko ban tambaye ki ba, na kai wa Malama Rozalia, wadda take koya mana yankan takarda irin na Yahudawa duk ranar Talata. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Wannan ba aikin almakashi ba ne. Matan ƙauyukanmu da almakashin aske tumaki suke yanka takarda mai launi. Wannan kuwa ninka ta aka yi biyu, aka ɗora a kan katako, aka bi ta da wuƙa. Wa ya koya wa kakarki?" Na ce ban sani ba. Ta ce itacen ma fitilar ibadar Yahudawa ce, kuma irin takardar nan a bangon gabas ake rataye ta, don a san inda za a fuskanta wajen addu'a.

Za mu baje ta a nunin da za mu yi watan gobe. Kin zama shahararriya, tsohuwa.

Ki huta lafiya.
Jikarki, Malwina

Brodek, 11 ga Maris

Malwina,

Na amsa gaisuwa. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta. Hannunki ne ya kamata a tambayi lafiyarsa, tunda ya fara shiga akwatin mutane.

Itace ne. Ki gaya wa malamarki sarkin sani itace ne. Shekara sittin ina yi wa coci furannin takarda da almakashi, kowa a Brodek shaida ne. Ki dawo min da abina da hannunki, kada ki ba direban bas, kada ki nuna wa kowa.

Tun da na karanta wasiƙarki abinci ya ƙi shiga. Jiya a layin burodi na ji kamar kowa ƙeyata yake kallo. Ke hutu kawai kike zuwa garin nan, ba ki san shi ba. Ki yi abin da na ce, ja'ira.

Allah ya tsare ki.
Kakarki

Krakow, 16 ga Maris

Kaka,

Ina gaishe ki, kaina a ƙasa. Ki yafe min. Kafin wasiƙarki ta iso an riga an buga sanarwar nunin a jaridar yankinku, da hoton takardar. Ba su sa sunanki ba, amma sun rubuta "daga Brodek". Na roƙi Malama ta cire ta daga nunin, ta ce in mai ita ba ta so, za a cire. Katin da ake sa sunan mai aiki yana nan fari, ban rubuta komai ba.

Ban taɓa jin kin ji tsoron kowa ba, ke da kike yi wa Fadan coci faɗa a kan tsawon huɗuba. Yanzu ni ma na tsorata. Kaka, wa ya koya miki?

Taki, Malwina

Brodek, 24 ga Maris

'Yar nan,

Na gaishe ki. Ki karanta wannan ke kaɗai, sannan ki sa a murhu.

Ubana ne ya koya min. Bayahude ne, baduku, sunansa Hersz, da wuƙar da yake yanka fata yake yanka takarda. Ina da shekara bakwai, lokacin yaƙi ana farautar Yahudawa, ya kai ni gidan Aniela, wadda kuke kira uwata, ya ce daga yau sunana Genowefa, kuma kada in sake taɓa wuƙa a gaban mutane. Kwana huɗu bayan nan sojoji suka fito da shi daga rumbun hatsin da ya ɓuya, ban sake ganinsa ba. Wanda ya nuna musu rumbun shi ne uban Stefania, maƙwabciyata, wadda muke zama benci ɗaya a coci. Kakanki ya mutu bai sani ba. Uwarki ma ba ta sani ba.

Sau ɗaya tak na yi takardar nan, bayan rasuwar kakanki, na rufe ƙofa da labule. Ina so ne in ga ko hannuna yana tuna shi.

Za ki ce zamani ya canza. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake yi. Stefania tana sayen jaridar nan. Kwana uku ke nan tana tsayawa a bakin shinge tana kallon tagata, ba ta gaishe ni ba, ni ma ban fita ba. Jiya na ga ta sa jikokinta sun hau ɗakin ajiya na cikin rufinsu suna neman wani abu. Ban san me suke nema ba. Na jawo tebur na tokare ƙofa, ni da shekara tamanin da huɗu.

Ki yi min addu'a, kowace iri kika iya.
Kakarki

Brodek, 27 ga Maris

Malwina,

Gaisuwa. Stefania ta zo da safe, na buɗe mata don ƙafata ba ta gudu. Ta ajiye wani kwali a tebur. A ciki akwai takardar bangon gabas ta gidan ubana, ta yi ja don tsufa, zaki ɗaya ya yage. Ta ce, "Babanmu ne ya ɗauko ranar. Ta babanki ce, Perla."

Sunana na yanka ke nan. Na ce tun yaushe ta sani. Ta ce, "Haba, wa bai sani ba?" Ba ta ba ni haƙuri ba. Ta sha shayinta har ƙasa, ta tafi.

Shekara saba'in da bakwai ina ɓoye wa mutanen da suke kallona. Tsoron bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Amma ki rubuta a katin: Perla 'yar Hersz. Kuma ki shigo bas ɗin Asabar, ba na son zama ni kaɗai.

Kakarki