Koriyar Tutar Baba

Yakasai, Kano.

Zuwa ga ƙanena Abdulbaqi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Hassana da yara. Yaya ruwan Fatakwal? Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi, sai dai jikin Baba ya ƙi daɗi tun bayan Sallah, yanzu ko masallacin ƙofar gida sai an riƙe shi.

Duk da haka, makon jiya ya kafe sai an kai shi tsohuwar tasharsu ta Ɗorawar Malam, inda ya yi shekara talatin yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta. Ka san Baba da taurin kai, ai a wurinsa ka gado. Maƙwabcinmu Ɗanladi ya kai mu a motarsa. Wallahi ba za ka gane wurin ba. An toshe tagar yankan tikiti da bulo, awaki ne ke kwana a ofis, dakalin da mata ke jera ƙwaryar fura ya tsage. Jirgin da ke tsaya mana Talata da Juma'a ya daɗe da daina tsayawa.

A bakin dakalin ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Na san har yau kana riƙe da shi a rai, wai ranar da ka tafi ko kallonka bai yi ba, ya tsaya can gaban jirgi ya ba ka baya. To ya ce da aka busa usur, hannunsa kasa ɗaga koriyar tuta ya yi. Jar tuta ya riƙe, ya tsayar da jirgin har minti bakwai, direba na ta danna hon, fasinja na leƙe ta taga, shi kuwa yana tsoron ya juyo ka ga hawayensa. Takardar gargaɗi ɗaya tak ya taɓa samu a aiki, ta ranar ce. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Abdulbaqi, shekara ashirin, sau biyu kacal ka leƙo gida. Kai ba ka kira, shi ba ya roƙo, ga jiki kullum yana ja baya. Ƙunshin da ke tare da wasiƙar nan koriyar tutar ce, da kansa ya sa na wanke na goge. Ya ce in gaya maka ya ɗaga, hanya a buɗe take, ka taho.

Ka gaishe da Hassana da yara. Gwaggo 'Yardada ma na gaishe ka. Jar tutar kuwa ya ɓoye ta ƙarƙashin matashi, wai in ka zo, wannan karon minti bakwai ba za su ishe shi ba.

Yayarka,
Bahijja.