Kada Ki Ce Da Sauƙi

Zuwa ga ƙanwata Batulu, a Roni.

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya yara? Gero ya fid da kai?

Mu nan Alƙahira lafiya lau, sai ɗan kwanciya da na yi asibiti, abin bai taka kara ya karya ba. 'Yar taki Shahida da nake wurinta, mai binciken ciwon zuciyar mata, ta dai samu abin nazari har gida. Ta ce namiji kan dafe ƙirji ya faɗi, gari ya taru. Mu kuwa sau da yawa a sace yake zuwa: kasala, tashin zuciya, ciwon muƙamuƙi. Har ciwon namu kunya gare shi.

Ɗanki Hussaini ya ce daga rijiya zuwa ɗaki kina haki, kina jiƙa kanwa wai olsa ce. Nawa ma haka ya faro.

Kada ki jira girbi. Ya kai ki asibiti Kazaure a duba zuciya. In likita ya tambayi jiki, kada ki ce masa "da sauƙi". Ba surukinki ba ne.

Allah ya sada fuskokinmu.

Yayarki,
Zulaikha